Zauren Iyali: Allon da ya zaga bakin kogin Nilu

Ya ku 'yan'uwa masu bibiyar wannan fili, iyaye maza da iyaye mata, a wannan fitowa zan ɗan jingine tambayoyin da kuka aiko, in ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu. Na daɗe ina juya shi a raina, ina shakkar ko ya dace a fitar da shi bainar jama'a, har sai da mahaifinmu da kansa ya ce in rubuta, domin a cewarsa gidaje da yawa a garin nan suna da dangi a gabas, kuma suna zaune suna kallon igiyar zumunci tana tsinkewa zare bayan zare.

A farkon shekarar 2023 'yar yayana, wadda a lokacin take aji biyu na kwaleji a nan Maraɗi, ta dawo gida da aikin da mushen labarin ƙasa ya ɗora musu. An raba wa 'yan ajin manyan kogunan Afirka, kowa zai tsaya gaban allo ya yi bayani na minti goma, abin da yaran ke kira ekispoze. Ita Nilu ne ya faɗo mata. Mushen ya ƙara da sharaɗi: duk wanda ya kwaso bayaninsa daga intanet kawai, rabin maki zai samu, domin shi yana son abin da aka ji daga bakin mutum ko aka gani da ido. Waɗanda aka ba kogin Kwara suka yi murna, kowa yana da kawu ko gwaggo a Yamai. Ita kuwa ta zauna a tsakar gida tana cizon biro, har mahaifiyarta ta ce mata, “Ke da kakanninki ke shan ruwan Nilu safe da yamma, ke ce kike zaman makoki?”

Mahaifiyar tata haihuwar Sudan ce. Yayana ya yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Hartum, kuma ranar da zai tafi mahaifinmu ya ba shi wasiƙa da ajami, ya ce ya nemo wani ɗan'uwansa ta wajen uwa, wanda aka tafi da shi gabas yana yaro 'yan shekaru kafin Nijar ta sami mulkin kai a 1960. Ya yi cigiya har ya same shi a wani ƙauyen Hausawa kudu da birnin Wad Madani, a yankin da ake kira Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin manyan rassan Nilu biyu. Wasiƙa ta jawo ziyara, ziyara ta jawo aure, amarya ta biyo mijinta Maraɗi, tsofaffi suka zauna can.

Da yamma yarinya ta karɓi wayar mahaifiyarta ta kira su ta WhatsApp. Kun san wasan jika da kaka, ko da kuwa sau biyu kaɗai suka taɓa haɗuwa ido da ido. Ta ce, “Angona, aiki na kawo maka, in ka ƙi kuwa yaji zan yi.” Ya ce, “Amarya, wadda take Maraɗi mijinta yana Jazira, in ta yi yaji ina kuma za ta nufa?” Kakarta mace, wadda jikokin can ke kira Habboba kamar yadda Larabawan Sudan ke kiran kaka, ta sa baki daga gefe ta ce a gaya wa kishiya ta rage murya. Da wasa ya lafa, yarinya ta buɗe kaye ta karanto tambayarta ta farko: a littafinsu na Faransanci an kira reshen da ya ratsa ta garinsu Shuɗin Nilu, shin da gaske ruwansa shuɗi ne? Tsoho ya yi shiru. Can ya ce, “Wallahi shekara 60 da ɗoriya ina alwala da ruwan nan, ban taɓa tsayawa na dubi launinsa ba. Ki ba ni zuwa gobe.”

Mahaifinmu bai so abin ba da farko. Da ya ji tambayoyi sun yi yawa, har ana maganar a aika kuɗin mota tsofaffi su je Sinnar su gano madatsar ruwa, sai ya kira yayana ya ce masa, yaushe aka fara aiken dattijo mai kusan shekara 80 saboda aikin lakwal? A ganinsa yawon buɗe ido sana'ar wanda ya ƙoshi ce ya rasa abin yi. Ni da karambanina na ce, “Ai Baba, Alƙur'ani ya kira mutane a wurare da yawa su yi tafiya a bayan ƙasa, su dubi yadda ƙarshen na gaba ya kasance.” Ya dube ni ta saman tabarau ya ce waccan tafiya ta neman izina ce, wannan kuwa ta neman maki, kuma in bar kawo wa liman aya a zaurensa. Na kama bakina. Abin da ya kashe maganar shi ne tsohon da kansa ya aiko cewa shi ya ga dama, ba wanda ya aike shi, kuɗin motar ma in an aiko zai karɓa ne don kada a ce ya raina.

Sai mai karatu ya san irin mutanen nan kafin ya gane nauyin wannan amsa. Tun ƙarnonin baya mutanen ƙasar Hausa da Barno ke bin hanyar ƙasa zuwa Makka, a zamanin Turawa kuwa hanyar ta cika maƙil. Daga Kano ko Damagaram a nufi Maiduguri, a wuce Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, a kai Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina, a bi ta Fashir zuwa Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912, a haye Farin Nilu a Kosti, a sauka Jazira. Daga nan saura tashar Sawakin da tsallaka Bahar Maliya. To a nan ne guzuri kan ƙare wa mafi yawa. Mahaifin tsohon nan ya tsaya tsintar auduga don ya tara kuɗin jirgin ruwa, shekara ɗaya ta zama uku, ciwo ya kama shi, aka binne shi a can. Yaron da ya bari ya girma, ya biya bashin uba, ya yi aure, ya aurar, ya buɗe makarantar allo a ƙofar gida, amma har tsufansa in ka tambaye shi ya zama, sai ya ce, “Muna dai kan hanya.” Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Wani mai bincike, Bawa Yamba, ya zauna a irin ƙauyukan nan ya fitar da littafi a kansu a 1995, inda ya nuna har jikokin mahajjatan farko, waɗanda aka haifa a can, suna ɗaukar kansu matafiya. Wanda yake kan hanya kuwa ba ya tsayawa ƙare wa zango kallo. Shi ya sa mutum zai kwana ya tashi shekara 60 a bakin kogi bai san launinsa ba.

Sharaɗin mushe ya kawo wata matsala: yaya za a tabbatar hotunan ba daga intanet aka kwaso su ba? Wata ƙawar yarinyar mai dangi a Kanada ta ce a makarantun can yara kan yanka ɗan mutum-mutumi na takarda su aika wa dangi na nesa, a zaga gari da shi ana ɗaukar hoto, al'adar da wani malamin firamare ya fara a ƙasar a 1995. Da aka kai wa tsoho wannan shawara, ya ce shi da gemunsa ba zai yi yawo da 'yar tsana a aljihu ba. Ya ɗauko sabon allo cikin na almajiransa, ya feƙe alƙalami, ya rubuta sunan jikarsa da manyan baƙaƙe na ajami, a ƙarƙashi ya sa “Maraɗi”. Autansu, kawun yarinyar, shi ne mai riƙe waya. Habboba ta kafa nata sharaɗin, cewa hannunta kaɗai zai fito a hoto, amma muryarta a ɗauka yadda aka ga dama. Ba wanda ya yi mata gardama.

Hoton farko a mashayar ƙauyensu aka ɗauke shi. Watan Janairu ne, ruwa ya ja baya ya kwanta, launinsa tsakanin kore da toka. Tsoho ya ce shi dai ya duba iya dubawa bai ga shuɗi ba. Habboba ce ta warware ƙullin. Ta ce, “Kishiya, je ki tambayi kakarki ta nan, zanen da aka tsamo daga karofi me ake ce masa? Baƙi ake cewa, alhali shuɗi ne ya yi duhu. To su mutanen nan sun juya ta, abin da ya yi duhu shi suke kira azraƙ, har mutum baƙin fata. In kina son ganin dalilin sunan ki zo a watan Agusta, lokacin da ruwa ke saukowa daga duwatsun Habasha ɗauke da laka.” Na duba daga baya na tarar maganarta ta hau. Reshen nan daga tafkin Tana na Habasha yake tasowa, yana haɗuwa da Farin Nilu a Hartum a wurin da ake kira Mugran, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Masar a lokacin cikar kogi daga gare shi yake. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta amsa tambayar da littafin ya bari a rataye.

Inda suka fi daɗewa, kuma inda muryar Habboba ta fi yawa, shi ne bakin tur'a, wato hanyar ruwa ta noman rani. Turawan Ingila suka buɗe aikin noman Jazira a 1925 domin masaƙun Lankasha su sami auduga. Bayan an ƙara masa yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, faɗinsa ya kai wajen feddan miliyan 2, feddan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan gaza rabin hekta. Abin mamaki, ba inji ke tura ruwan ba. Ƙasar ce ke da ɗan gangare daga kudu zuwa arewa, ruwa ya fito daga madatsar Sinnar ya bi babbar tur'a, ya rabu cikin ƙanana, ya shiga wadda suke kira abu ishirin, daga ita zuwa abu sitta, har gindin shuka. Kawun ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗauka, allo yana jingine a bakin kowacce.

Sai Habboba ta nuna wata hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke yanka wa manomi. Ta ce tun tana 'yar shekara tara take tsintar auduga a wannan layi, daga asuba har rana ta take, sanyin hunturu yana tsaga yatsu, ƙwanson auduga yana ƙarasa su, a tara a kai ma'auni, a biya gwargwadon nauyi. Ta ce da kuɗin auduga aka yi mata kayan ɗaki, da shi ta yi wa 'yarta. Yarinya ta aika tambaya, “To Habboba, wacce ce taku a ciki?” Amsa ta zo gajera: “Babu tamu, kishiya. Mu hannu ne.” Wasu daga cikin mutanenmu sun sami hawasha a farkon aikin, amma mafi yawa ƙwadago suka yi, ko noman raba-daidai a gonar wani, da yawa kuma suna zaune a unguwannin 'yan ƙwadago da ake kira kanabi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗinta a kan wanda kakanninsa ke ƙasar tun ƙarshen 1897, ga shi kuwa akasarin namu bayan nan suka iso, don haka neman takarda ya zama wahalar da wasu gidaje suka gada. Matar yayana ba ta taɓa faɗa wa 'yarta wannan ba. Da aka kunna saƙon ta tashi ta shiga ɗaki. Mu nan mukan ɗauka duk wanda ya yi gabas ya kusanci Makka ya huta, har mukan yi ƙorafin ba sa aiko da tsaraba.

Ranar zuwa Sinnar Habboba ta sa tob ɗinta na zuwa biki, wato lulluɓin matan Sudan, suka tari mota tun da hantsi. An kammala madatsar a 1925, tsawonta ya ɗara kilomita 3, kuma hanya ta bi ta samanta zuwa gaɓar gabas. Tsoho ya san ba a son ɗaukar hoto a irin waɗannan wurare, sai ya gangara can ƙasa wajen masunta, ya yi musu sallama da Larabci suka amsa masa da Hausa. Daga nan aka ɗauki madatsar tana can nesa, allo a gaba. A saƙon da ya aiko ya ce ya bi ta garin nan ya fi sau 20, kullum kansa a sunkuye yana lissafin kuɗin mota, yau ne ya ɗaga kai. Ana cikin haka iska ta cire masa hula ta jefa a ruwa, wani yaron masunta ya bi ta da kwalekwale, ana jin dariyarsa da ta Habboba har saƙon ya ƙare. Daga nan suka je kufan tsohuwar Sinnar, babban birnin daular Funj wadda ta yi mulki daga 1504 har 1821, shekarar da rundunar Muhammadu Ali na Masar ta kawo ƙarshenta. Abin da suka tarar tudun ƙasa ne da fasassun tubala. Tsoho ya ce, “Amarya, birnin da ya yi shekara 300 ana buga masa tambari, yau ga awaki suna kiwo a kai.” Da mahaifinmu ya ji wannan saƙo sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “To, wannan kam izina ce.” A kasuwa suka ci agashe kafin su juyo, Habboba tana ba'a cewa tsirenmu ne Larabawa suka karɓa har da sunan da muka ba shi.

Tafiyar Mai Wurno ba ta cikin tambayoyin yarinya, tsoho ne ya ƙara ta da kansa. Garin yana bakin kogi kudu da Sinnar, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Masu karatunmu da yawa sun san asalinsa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka tare su a Burmi, ya yi shahada a can ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ci gaba da waɗanda suka tsira har suka iso bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, suka fara sauka a Shaihu Ɗalha, daga baya suka haye suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Tsoho ya yi azahar a masallacin garin, ya zauna da wasu dattawa a inuwa. Ɗaya ya tambaye shi asali, ya ce Katsinar Maraɗi. Dattijon ya yi dariya ya ce, ashe abokin gaba ne ya shigo mana gari. Duk ɗan Maraɗi ya san abin da yake nufi, domin kakanninmu sun shafe shekaru suna gwabzawa da Sakkwato. Tsoho ya ce masa, “Malam, wannan gaba ai ta mutu a hanya. A nan ni da kai duk Fallata ake ce mana.” Suka sha shayi tare, dattijon ya karɓi allon ya karanta sunan yarinya, ya yi mata addu'a.

Ta so su je Rusairis su ɗauko mata babbar madatsar da aka kammala a 1966, suka ƙi. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba, ɗaruruwa suka rasa rayukansu, dubbai suka bar gidajensu. Kawun ya ce mata kawai hanyar ba ta biyuwa yanzu.

Tafiya ta ƙarshe ba ta da hoto. Tsoho ya bar allon a gida ya tafi maƙabarta wajen mahaifinsa, da ya dawo ya sa aka ɗauki muryarsa ta kusan rabin awa. Ya lissafo mutum 17 da suka fito tare daga Maraɗi, kowa da sunan ubansa da unguwarsu, ya faɗi wanda ya rasu a Abeshe, da matar da ta haihu a Junaina suka tsaya can ita da mijinta, da mutum biyu da labari ya zo cewa sun isa Makka. Wannan saƙo mahaifinmu ya sa aka maimaita masa sau uku bayan isha'i, yana rubutawa. Kashegari ya ɗauki sandarsa ya tafi wani gida a unguwarmu, ya faɗa musu inda kakansu yake kwance, abin da suka yi shekara 60 da ɗoriya ba su sani ba.

Ranar ekispoze yarinya ta fara da abin da ita ta gano da kanta: ta ɗora rula a kan taswira ta nuna cewa Maraɗi da Sinnar suna kan layi ɗaya, in ka miƙe gabas sak ba ka karkata ba za ka faɗa garin bayan kusan kilomita 3,000. Ta zagaya da hotuna a waya, cikin 'yan ajin mutum huɗu ne kaɗai suka iya karanta abin da ke kan allon, wannan kuwa magana ce ta wata fitowar. Mushe ya ba ta 13 cikin 20. Ya ce an ba ta Nilu ne ta kawo masa tarihin kakanninta, ta manta tafkin Biktoriya, ta manta madatsar Aswan, Masar ma sau ɗaya ta ambace ta. Ta dawo gida da kuka. Ni dai na ce mata mushe ya yi gaskiya, ma'auninsa ke nan, kuma ya auna daidai. Da ta kai ƙara wajen angonta ya ce 13 ai ta fi sadakin da ya biya.

Ranar 15 ga Afrilu na 2023 yaƙi ya tashi a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun da ake kira RSF. A watan Disamba dakarun suka shiga Wad Madani, suka bazu cikin ƙauyukan Jazira. Tsofaffin nan suka fita da abin da ke jikinsu. Suka isa Sinnar, suka haye gabas ta saman madatsar nan da suka tsaya kallo wata 11 da suka wuce, suka bi ta Dindir zuwa Gadarif. A hanya aka karɓe wayar kawun. A watan Fabrairu na 2024 layukan waya suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, muka yi makonni ba mu san ko suna raye ba. Da aka samu layi tsoho ya ce da yayana, cikin raha irin tasa, ya ƙi matsawa gabas da ƙafarsa an matsar da shi da bindiga, yanzu saura kaɗan ya ga Sawakin. Da daminar wannan shekara zazzaɓi ya kama shi, Allah Ya yi masa rasuwa a Gadarif, labari bai iso mu ba sai bayan kwana tara. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi niyyarsa, Ya sa ya huta.

Ya ku iyaye, ga dalilin da ya sa na ɗauke ku wannan doguwar hanya. In yaro ya dawo da aiki daga lakwal ko islamiyya, hannunmu kan fara zuwa waya, mu buga tambaya mu miƙa masa amsa, mu ce mun taimaka. Kafin ku yi haka ku tsaya ku duba ko akwai tsoho a dangi, na kusa ko na nesa, wanda abin ya taɓa rayuwarsa. Tsofaffinmu muna gaishe su, muna tambayar jikinsu, muna aika musu goron salla, amma da wuya mu tambaye su abin da suka sani, su kuwa kunya ba ta barinsu su fara. Tambayar jika takan buɗe bakin da tambayar ɗa ba ta buɗewa, saboda wasan da ke tsakani. Ku bar yaron ya yi tambayar da bakinsa, ku tsaya gefe. In abin na buƙatar tafiya, ku aika kuɗin mota ba tare da an roƙa ba, ku nemi matashin da zai raka su, kada kuma a matsa wa wanda jikinsa ko zuciyarsa ba ta so. Wadda ta ce kada a ɗauki fuskarta a girmama maganarta. In tsoho ya saɓa wa littafi a shekara ko a suna, yaro ya rubuta duka biyun, ya gyara a takardarsa, kada ya gyara wa kakansa a waya. Sannan ku adana. Mu kanmu saura ƙiris mu yi asara, domin wayar matar yayana ta cika, ta fara goge tsofaffin saƙonni don ta sami wurin hotunan wani biki, Allah Ya sa na shigo na karɓa, na kai wajen mai kwamfuta aka juye su a kati biyu, ɗaya a wurina ɗaya a akwatin littattafan mahaifinmu. Saƙo 43 ne suka tsira, shida sun riga sun tafi.

Bayan sojoji sun karɓe Wad Madani a watan Janairu na 2025, Habboba ta jira 'yan watanni ta koma ƙauye ita da autanta. Sun tarar an ɓalle ƙofofi, ba gado ba tukunya, allunan almajirai ma babu ko ɗaya, ta ce ƙila an hura wuta da su har da na kishiyarta. Da suka sami aron waya, ta yi gaisuwa ta gama, sai ta ce a ba ta yarinya. Ta ce, “Kishiya, muryar mijinmu tana wajenki?” Yarinya ta ce tana nan. Ta ce, “To ki riƙa aiko min, amma ɗaya-ɗaya, kada ki zubo min su gaba ɗaya. Ki fara da ta ranar da iska ta ɗauke masa hula.” Tun daga lokacin duk Juma'ar da layi ya yi kyau yarinya takan zaɓi ɗaya ta tura, wani lokaci sai an kwana biyu kafin ya shiga.

Duk mai dangi a ƙauyukan Jazira, ko Sinnar, ko Mai Wurno, ko Damazin, wanda labarinsu ya yanke masa tun farkon yaƙin nan, yana iya kawo sunansu da sunan ƙauyensu ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a, za mu miƙa wa kawun ya yi cigiya iyakar inda ƙafarsa ke kaiwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.